Daga Tashar Faskari zuwa Zauren Lacca: Haƙƙin Ɗalibi Mai Nakasa a Jami'a

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota a kudancin Katsina da sassafe ya san yadda ake lodi: mutum huɗu a baya, biyu a gaba, buhun masara a but. Idan fasinjan gurgu ne, ciniki sai ya zama biyu. Kuɗin kujerarsa daban, kuɗin kekensa daban, domin keken guragu mai ƙafa uku, wanda ake tuƙawa da hannu, ba ya naɗewa. Sai dai a ɗaure shi da igiya a saman mota, ko a bar but a buɗe rabinsa na leƙe. Ɗan kamasho zai dubi keken, ya dubi mai shi, ya yanka kuɗi. Saurayin da ya fito daga Faskari ko Sabuwa da takardar samun gurbin karatu a aljihu, a nan yake fara biyan harajin da abokin karatunsa bai ma san ana biya ba, tun bai hango ƙofar jami'a ba.

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya, a shiyyar Funtuwa. Ƙasar noma ce, ta masara da dawa da auduga, mai iyaka da Zamfara da Kaduna. Ɗan yankin da ke son digiri fita yake yi: ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da aka kafa a 2011, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Al-Ƙalam a birnin Katsina, ko ya gangara Zariya zuwa Jami'ar Ahmadu Bello, ko ya nufi Bayero a Kano. Tafiyar da wuya ga kowa. Amma ga makaho da kurma da gurgu, kowane zango yana da ƙofarsa da aka garƙame, kuma hujjar wannan maƙala ita ce ba nakasar ce ta garƙame su ba. Tsari ne, wanda mutane suka gina da hannunsu, wanda kuma doka ta riga ta wajabta musu gyara shi.

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan jiha, ya sa hannu kan Dokar Haramta Nuna Wariya ga Masu Nakasa, bayan shekaru ana kai ruwa rana a kanta. Dokar ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce makarantun gwamnati, daga firamare har jami'a, dole a gudanar da su yadda mai nakasa zai iya shiga ya yi karatu, da ma'aikacin da aka horar da kayan aiki na musamman. Ta ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin kuwa ya cika tun Janairun 2024. Ta yanke tarar naira miliyan 1 ga hukuma ko kamfanin da ya nuna wariya, da naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga ɗaiɗaikun mutane. A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa don bin diddigi. Tun kafin nan ma, a 2010, Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, wadda ta ɗauki ƙin yi wa mutum tanadi gwargwadon hali a matsayin wariya, daidai da korarsa.

Akwai wani sashe na dokar da ya fi kowanne dogaro da jami'a, ko da yake ba a cika haɗa su ba. Shi ne wanda ya nemi ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga masu nakasa. Aikin gwamnati da takarda ake samunsa. Idan jami'a ba ta yaye lauya makaho ko akanta kurma ba, kason nan zai tsaya ne a matakin masinja da mai gadi, ko ya zauna a takarda kawai.

Adalci ne a faɗi inda aka yi abin kirki. A 2017 hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, JAMB, ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, ta kafa kwamitin daidaita dama wanda Farfesa Peter Okebukola yake jagoranta. Dalili a fili yake: tun da jarrabawar ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015, makaho ba shi da yadda zai yi ya zauna gaban allon da ba ya gani. Kwamitin ya ware cibiyoyi na musamman, ɗaya daga ciki a Jami'ar Bayero ta Kano. Hukumar ce ke ɗaukar nauyin sufuri da masauki da abincin ɗalibi tare da ɗan jagorarsa. A zauren jarrabawa, wani malami yana karanta tambaya da ƙarfi, ya maimaita, ɗalibai kuma suna amsawa, wani da allon rubutun makafi da tsinkensa yana huda takarda ɗigo-ɗigo, wani da keken rubutu, wani da kwamfutarsa. Darussan da sauran ɗalibai ke rubutawa su ake rubutawa, manhaja ɗaya ce. An canza hanyar isar da tambaya ne kawai, ba a rage mata nauyi ba. Wannan shi ne ainihin ma'anar tanadi, kuma duk wanda ke cewa ba zai yiwu a Najeriya ba, ga shi ana yi shekara da shekaru.

Sai dai alƙaluman wannan nasara su ne kuma suke tona asirin matsalar. A 2024 makafi 577 ne aka shirya wa jarrabawar a cibiyoyi 11, a shekarar da kusan mutum miliyan 2 suka yi rajista. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna rayuwa da wata nakasa mai tasiri. Ko da an cire tsofaffi, an cire sauran nau'o'in nakasa, ɗaruruwa cikin miliyoyi ba lissafi ba ne da hankali zai ɗauka. Yaran sun zube ne a hanya, tun kafin a zo maganar jarrabawa. A yanki kamar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kuwa, ana iya nuna wurin da suka zube da yatsa.

Daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara suka kwashi ɗalibai. Bayan kwana 6 aka sako 344. Gwamnan jihar na lokacin, Aminu Bello Masari, ya ba da umarnin rufe makarantun kwana na jihar, kuma ko bayan an fara buɗewa, zukatan iyaye ba su buɗe ba. An yi rubuce-rubuce da yawa kan abin da wannan ya yi wa ilimi, amma ba a cika tsayawa kan wanda ya fi kowa asara ba. Yaro mai gani da ji, idan uba ya ji tsoron makarantar kwana, sai ya mayar da shi ta jeka-ka-dawo a cikin gari. Makaho ba shi da wannan mafita, kurma ma haka. Makarantunsu ƙalilan ne, irin makarantar kurame ta Malumfashi da ta makafi a Katsina, kuma ga ɗan ƙauyen Sabuwa ko Daudawa, zuwa can yana nufin kwana a can. Makarantar unguwarsu ba ta da malamin da ya iya rubutun makafi ko maganar hannu. Saboda haka tsoron da ya mayar da ɗan'uwansa wata makaranta, shi gida ya mayar da shi, daga gida kuma sau da yawa sai bakin kasuwa da ƙoƙon bara.

Matakan tsaron da aka ɗauka a jihar a 2021 sun ƙara wani nauyin. An hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, sai dai a zagaya ta Funtuwa. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ba a nan za a yi muhawara kan dacewar matakan ba, rayuka ake ƙoƙarin karewa. Abin lura shi ne yadda mataki ɗaya yake sauka a kan mutane da nauyi daban-daban. Ga yawancin mutane waya abin gaisuwa ce da ciniki. Ga ɗalibi kurma, saƙon rubutu shi ne bakinsa da kunnensa a wajen duk wanda bai iya maganar hannu ba. Ga makaho, wayar da ke karanta masa rubutu da murya ita ce laburarensa. Kuma yau neman gurbin karatu kansa ya rataya a kan waya: tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, sai an tura saƙo an karɓi lambar sirri, sai an je cibiyar kwamfuta an dangwala yatsu.

Rikicin 'yan bindigar kuma yana haifar da sababbin masu nakasa. Wanda harsashi ya karya wa ƙashi a Kadisau ko 'Yargoje, wanda aka yanke wa ƙafa saboda an daɗe ba a kai shi asibiti ba, wanda ya dawo daga daji ba ya iya barci, dukkansu suna cikin waɗanda jami'a za ta karɓa nan gaba. Kafin su akwai wani rukuni da ya riga ya iso. Bayan dakatar da rigakafin shan-inna a wasu jihohin Arewa a 2003, cutar ta sake bazuwa, har a 2006 kaɗai aka samu yara sama da 1,000 da ta kama a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. A watan Agustan 2020 aka tabbatar an kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka, aka yi murna, kuma murnar ta dace. Amma jariran 2006 yanzu samari ne da 'yan mata masu shekarun shiga jami'a. Ƙwayar cutar ta asali ta tafi ta bar su, su ne ke tsaye a gindin matakala.

A dubi safiyar ɗaya daga cikinsu a kowace jami'ar da ba a yi tanadi ba. Lacca ƙarfe 8 ce, a bene na biyu. Ɗalibai na rige-rigen kujerun gaba, shi kuma ya ajiye kekensa a ƙasa, ya zura silifa a hannuwansa biyu, ya fara hawa da rarrafe, jakar littattafai a wuya, ƙafafun mutane na wucewa ta gefen fuskarsa. In an yi ruwa, da laka zai isa. In an sauya zaure a minti na ƙarshe, kamar yadda aka saba, sai ya sauko ya sake wani hawan. Abin da ba a cika faɗa ba saboda kunya shi ne banɗaki. Mutumin da ke tafiya da hannunsa, banɗakin ɗakin kwanan ɗalibai da ruwa ya malale a ciki azaba ce gare shi. Akwai masu rage shan ruwa da cin abinci da rana don kada buƙata ta kama su. Ɗaliba mace ta fi shiga uku, domin ɗalibi namiji abokai na iya ciccibarsa su hau da shi, ita kuwa mutunci da addini ba su bar mata wannan ba.

Makaho matsalarsa takarda ce. Karatun jami'o'inmu ya dogara ne a kan takardun darasi da ake kwafa a shagon hoto, da rubutun allo da malami ke nunawa yana cewa «kun ga wannan, shi za a haɗa da wancan». Sanarwar sauya ranar jarrabawa a bango ake manna ta. Alhali maganin wannan yana daga cikin mafi araha. Manhajar NVDA, wadda ke karanta abin da ke fuskar kwamfuta da murya, kyauta ce. Abin da ake buƙata shi ne malami ya ba da darasinsa a rubuce ta kwamfuta, ba hoton takarda ba, kuma ya ba da shi kafin lacca. Hujjar haƙƙin mallaka ma ta faɗi, domin Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Marakesh a 2017, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta halatta mayar da littattafai zuwa sigar da makafi za su iya karantawa. Inda aiki ya rage wa masana harshe na Katsina da Kano da Zariya shi ne Hausa kanta: manhajar da aka saita da muryar Ingilishi takan dagula rubutun Hausa, musamman haruffa masu lanƙwasa, har ɗalibin sashen Hausa ya rasa gane abin da ake karanta masa da harshen uwarsa.

Kurma kuwa yakan zauna a sahun gaba, ana ganinsa kullum, a ɗauka lafiya lau, alhali awa biyu yana kallon leɓen malami ne kawai. Tarihin harshensa ma mai sarƙaƙiya ne. Ƙasar Hausa tana da maganar hannu tata ta gado, wadda mai bincike Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000. Makarantun kurame na zamani kuwa sun gaji alamomin Amurka, ta hannun Andrew Foster, kurma baƙar fatan Amurka da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Yaron ƙauye yakan fara da alamomin gida, ya koyi na makaranta, ya koyi Ingilishin da bai taɓa jin sautinsa ba, sannan a jami'a a ce ya fahimci lissafi ko shari'a ba tare da tafinta ba. Jami'ar Ilorin ta daɗe da kafa cibiyar tallafa wa kurame mai tafintoci, kuma ɗalibanta kurame suna karanta fannoni daban-daban. Inda babu irin wannan, abin da ke faruwa shi ne a riƙa tura mai nakasa sashen ilimi na musamman ko yana so ko ba ya so, don can ne kawai ake da wanda zai iya magana da shi. Sashen yana da daraja, Bayero da Jos da Kwalejin Ilimi ta Musamman ta Oyo sun yaye malamai masu yawa. Amma zaɓin fanni haƙƙin ɗalibi ne.

Me ya sa gyara mai sauƙi haka yake gagara? Kuɗi na ciki, amma tunani ya fi. Al'ummar Hausa ba ta taɓa watsar da masu nakasa ba. Ta ba su sarautu, Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, ta ba su gurbi a ranar Juma'a da lokacin zakka. Sai dai gurbin na karɓa ne. An gina dangantakar a kan sadaka, sadaka kuwa mai bayarwa ke da ikon lokacinta da adadinta, mai karɓa godiya ce tasa. Wannan tunani shi ya bi mu har ofishin jami'a. Malamin da ya ƙara wa makaho minti 30 a jarrabawa yana jin alfarma ya yi, wanda ya hana kuma ba ya jin ya yi laifi. Ɗalibin ma, da yake haka ya taso, roƙo yake yi a inda ya kamata ya nema. Abin da ya dogara da kirkin mutum ɗaya yakan tafi ranar da aka canza shugaban sashe.

Amma a cikin gadon nan namu akwai wata jijiya da ta fi sadaka ƙarfi. Duk ɗan makarantar allo ya san dalilin saukar Suratu Abasa, da Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da ya zo neman ilimi ba neman abinci ba, wanda daga baya aka riƙa bar masa riƙon Madina. Zaurukan karatu na ƙasar Hausa sun san alarammomi makafi da suka haddace Alƙur'ani suka karantar da masu ido. Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Waƙar Imfiraji, makaho ne, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama shi da digirin girmamawa, ana nazarin aikinsa a sassan Hausa har yau. Karatun zaure ya iya ɗaukar makaho domin a kan ji da maimaitawa aka gina shi. Karatun boko da ya zo da allo da bene shi ne ya zo da sababbin shingaye, saboda haka shi ke da alhakin cire su.

Masu ja da wannan magana suna da hujja biyu da ya kamata a amsa. Ta farko, jami'o'in da ba su iya biyan kuɗin wuta ba, ina za su samu na lif? Amsa ita ce mafi yawan tanadin ba ya buƙatar lif. Mayar da laccar ajin da ke da gurgu zuwa zauren ƙasa aikin mai tsara jadawali ne, ba na ɗan kwangila ba. Gangaren siminti a gefen matakala, in an sa shi tun a zanen gini, kuɗinsa kaɗan ne. Fasa ginin a gyara daga baya shi ne mai tsada, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Asusun TETFund da ke biyan kuɗin yawancin sababbin gine-ginen jami'o'in gwamnati yana da ikon ƙin sakin kuɗi ga duk zanen da ba shi da hanyar keke da banɗakin da ya dace. Hujja ta biyu ita ce tsoron zubar da darajar digiri. Wannan JAMB ta riga ta amsa ta a aikace. Karatun rubutun makafi da yatsa ya fi karatun ido cin lokaci, don haka ƙarin lokaci yana daidaita ma'auni ne. Makin da ɗalibi ya ci nasa ne, wanda ya faɗi kuma ya faɗi.

Abin da jami'o'in Katsina da maƙwabtansu suke buƙata shi ne ofishi mai suna da kasafi da ma'aikaci, wanda zai san kowane ɗalibi mai nakasa tun ranar rajista, ya rubuta abin da yake buƙata, ya aika wa kowane malami a hukumance, yadda ba sai ɗalibi ya bi ofis-ofis yana bayyana lalurarsa ba. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wadda ke ƙirga littattafan laburare da kujerun ɗakin gwaji kafin ta amince da kwas, tana iya ƙirga tafintoci da hanyoyin shiga a ziyarar guda.

Amma jami'a ba za ta yi wa wanda bai iso ba tanadi. Wannan ɓangaren na gida ne. Shugabannin ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da hakimai da dagatai da limamai, su ne suka san gidan da ke da yaro makaho da ya daina zuwa makaranta tun 2020, da yarinya kurma da aka ce ta zauna ta jira miji. Su fara da ƙidaya, unguwa-unguwa, su san sunayensu da ajin da suka tsaya. A horar da malami ko da ɗaya a rubutun makafi da maganar hannu a babbar makarantar jeka-ka-dawo ta kowace hedikwata, don kada karatun yaro ya rataya a kan kwana a nesa. Ɗan majalisar da ke wakiltar mazaɓar, idan ya tashi sayen fom ɗin JAMB da rabon tallafin karatu, ya ware kason masu nakasa a fili, ya haɗa da kuɗin ɗan jagora da kuɗin ɗaura keke a mota. Hukumar ba da tallafin karatu ta jiha ita ma ta lissafa wannan ƙarin kuɗi a matsayin kuɗin karatu, domin shi ne ke yanke hukuncin ko ɗalibin zai koma zango na biyu ko zai zauna a gida.